Iyakar ɗan sanda a kanka: abin yi daga shingen hanya zuwa caji ofis da kotu

Babi na huɗu na kundin tsarin mulkin Najeriya na 1999 ya shata wa hukuma iyaka a kan jikin mutum da gidansa da dukiyarsa. Sashe na 34 ya haramta azabtarwa da wulaƙanci. Na 35 ya faɗi yadda ake kama mutum da tsawon lokacin da za a iya riƙe shi. Na 37 ya kare sirrin gida da wasiƙu da hirar waya, na 44 kuma ya hana a ƙwace dukiya sai ta hanyar da doka ta tsara. Dokoki biyu ne suka warware waɗannan sassa dalla-dalla: dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015, wadda lauyoyi ke kira ACJA, da Dokar 'Yan Sanda ta 2020. Ta farkon tana aiki a Abuja da kotunan tarayya, jihohi kuma sun yi nasu a kan tsarinta, Kaduna a 2017, Kano a 2019, don haka lambar sashe kan bambanta daga jiha zuwa jiha. Ta biyun tana kan kowane ɗan sanda a ko'ina yake aiki.

Tun yanzu a san abu ɗaya: haddace sashe ba ya hana mari. Wanda ya tsaya yana karanto wa mai bindiga tsarin mulki da sha ɗayan dare a hanyar da ba kowa, ya jawo wa kansa. Ƙarfin wannan doka yana bayyana ne daga baya, a gaban DPO ko majistare ko Babbar Kotu, kuma a can ba a cin nasara sai da lokacin da aka rubuta, da takarda, da shaidu. Duk matakan da ke ƙasa a kan tara waɗannan suke.

Mataki na 1: An tsayar da kai a hanya

Ka tsaya. Idan dare ne ka kunna fitilar cikin mota, ka bar hannuwanka inda za a gan su, ka gaishe su. Ɗan sanda yana da hurumin ganin lasisin tuƙi da takardun mota da na inshora, kada ka yi gardama a kan wannan.

Caje jiki ko kaya wani abu ne daban. Doka ta ba shi dama ne idan yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargin kana ɗauke da kayan sata, ko makami, ko wani abin da aka haramta. Kafin ya sa hannu, Dokar 'Yan Sanda ta ce ya kasance cikin kaki ko yana rataye da katin shaidarsa a fili, ya faɗi sunansa da ofishin da yake aiki, da abin da yake nema, da dalilin zarginsa. Tambayar da ta dace gajera ce: "Yallaɓai, daga wane ofishi kuke, kuma me ake nema?" Ka yi ta da murya ƙasa-ƙasa. Ko bai amsa ba, ka karanta sunan da ke ƙirjinsa da lambar motarsu ka riƙe a ka.

Sashe na 54 na dokar ya lissafa abubuwan da ba su isa zama dalilin zargi ba: launin fata, shekaru, irin aski, irin sutura, da ɗaukar cewa wasu irin mutane su ne masu laifi. Matashin da ya tara gashi ko ya sa yagaggen wando bai zama abin cajewa ba saboda haka kawai. Haka ma mai rawani da sanda da ya fito daga ruga. An sa wa wannan doka hannu a watan Satumban 2020, wata guda kafin zanga-zangar da ta kai ga rushe rundunar SARS ranar 11 ga Oktoba, kuma irin wannan cajewa ta duba fuska tana cikin abubuwan da suka tunzura mutane a lokacin.

A bainar jama'a, iyakar abin da aka yarda shi ne laluben saman tufafi. Duk abin da zai kai ga tuɓe riga ko cire abin da ke kai, sai an koma inda ido ba ya gani. Mace kuwa mace ce ke caje ta. Idan ke ce aka tsayar kuma babu 'yar sanda a wurin, ki faɗa a fili cewa kin yarda a caje ki amma sai an kawo mace ko an kai ki inda take. Jakar hannu ki buɗe da kanki, ki riƙa fito da kayan ɗaya bayan ɗaya.

A caje mota kana tsaye kana kallo, wuri ɗaya a lokaci guda. Idan mutum uku suka buɗe ƙofa uku tare, ka roƙi a bi a hankali don ka ga komai. Ƙullin abin haram da aka jefa maka a motar, ko bai kai girman goro ba, ya isa ya sa mutum kwana a sel.

Mataki na 2: "Buɗe wayarka"

Sashe na 37 na tsarin mulki ya ambaci hirar waya da saƙonni a cikin abin da aka kare. A farkon Oktoban 2020 Sufeto Janar na lokacin, Mohammed Adamu, ya haramta wa jami'ai binciken wayoyi da kwamfutocin mutane ba bisa izini ba, kuma rundunar ta sha nanata wannan. Saboda haka kana iya cewa, "Ranka ya daɗe, ban amince a duba wayata a nan ba. Idan akwai zargi, mu je ofis." Idan ya fizge, kada ka yi kokawa da shi, amma ka maimaita maganar yadda fasinjoji ko masu wucewa za su ji. Ba a biyan tara ta hanyar turawa asusun wani a bakin titi, ko a wurin mai POS. Idan an tilasta ka, kada ka goge saƙon banki: yana ɗauke da suna da lokaci da adadin kuɗi, ba shaidar da ta fi shi.

Idan ana binciken laifi na gaske, sashe na 44 ya yarda a riƙe kaya na ɗan lokaci don bincike, har da waya. Amma sai an rubuta ta a jerin kayan da aka karɓa.

Mataki na 3: Sun zo gida

A ƙa'ida, binciken gida sai da takardar izini daga kotu. Ka karɓe su a zaure ko ƙofar gida, ka nemi ganin takardar, ka karanta ko ka sa a karanta maka. Ka duba sa hannun alƙali ko majistare, da kwanan wata, da adireshin, da abin da aka ce a nemo. Takardar da aka rubuta don gidan maƙwabcinka ba ta buɗe naka. Amma kada ka dogara da cewa dare ya yi ko yau hutu ne, domin ACJA ta yarda a zartar da takardar a kowane lokaci, kowace rana.

Akwai inda suke shiga ba takarda: idan wanda suke da hurumin kamawa ya shige gidan. A nan dole ka ba su hanya, in ka ƙi suna iya ɓalle ƙofa. Ko a hakan doka ta san da gidan kulle. Idan ɗakin na macen da bisa addini ko al'ada ba ta fita cikin maza ne, sai an sanar da ita, an ba ta damar kimtsawa ta kauce, kafin a shiga. Mutane da yawa ba su san wannan yana rubuce a doka ba, suna ɗauka alfarma ce.

Kafin a fara, ka aika a kira mai unguwa ko dattijo daga maƙwabta. Doka ta ce a yi binciken a gaban shaidu biyu, kuma mai gida yana da damar kasancewa a wurin. Ka nemi masu shiga su nuna aljihunsu kafin su wuce, jami'in da ya san aikinsa ba ya jin haushin wannan. Ku bi ɗaki-ɗaki tare. A ƙarshe a rubuta duk abin da aka ɗauka, da inda aka same shi, su sa hannu, shaidu su sa, kai ma ka sa, a ba ka kwafi. Kuɗi a ƙirga a gaban kowa a rubuta adadin. Kada a rubuta "waya" kawai, a sa samfurinta da launinta. Gwal ɗin mata a faɗi guda nawa ne.

Ga abin da ya sa wannan mataki ya fi sauran nauyi. A Amurka kotu kan yi watsi da shaidar da aka samo ta haramtaccen bincike, shi ya sa wasu ke zaton a nan ma haka ne. Ba haka ba ne. Tun shari'ar Sadau a 1968 Kotun Ƙoli ta ce abin da aka gano yana iya zama shaida ko da an saɓa ƙa'idar bincike. Sashe na 14 da 15 na Dokar Shaida ta 2011 sun bar wa alƙali ya auna: yana karɓa, sai in ya ga illar karɓar ta rinjayi amfaninta. Ke nan, "ba su zo da takarda ba" ba lallai ya fitar da kai ba idan an ce an ga abu a ƙarƙashin gadonka. Mai unguwar da ya tsaya ya ga yadda aka yi shi ne zai yi maka rana.

Mataki na 4: An ce an kama ka

Ɗan sanda yana iya kamu ba waranti, wato takardar izinin kamu daga kotu, idan an aikata laifin a gabansa, ko yana da ƙwaƙƙwaran dalilin zargi. Idan da waranti ne amma bai zo da shi ba, kamun bai ɓaci ba, sai dai dole a nuna maka shi da wuri idan ka nema. Kada ka gudu, kada ka ture kowa. Ko kamun haramtacce ne, turjiya tana ba su sabon caji mai sauƙin tabbatarwa.

Dole a faɗa maka dalilin kamun nan take, sai in an kama ka kana tsakar aikata laifin. Sashe na 35 ya ƙara da cewa a ba ka dalilin a rubuce cikin awa 24, da harshen da kake ji. Ankwa ba ta zama dole ba: ana sa ta ne idan ana fargabar faɗa ko gudu, ko don kare lafiya, ko da umarnin kotu. Kuma nauyi ne a kansu su sanar da danginka, ba tare da ka biya kuɗin kati ba. Wannan ne dalilin da zai sa kowa ya haddace lambar mutum ɗaya, domin wayar ce ake fara karɓewa a kantar caji ofis.

Kamu iri biyu ne doka ta haramta kai-tsaye, kuma ana yawan ganinsu a unguwanni. Na farko kama wani a madadin wani: an zo neman ɗa ba ya nan, a tafi da uba ko mata ko ƙane har ya kawo kansa. Sashe na 7 na ACJA da na 36 na Dokar 'Yan Sanda sun hana, babu wata togaciya. Na biyu kamu a kan bashi ko saɓa yarjejeniya: kuɗin adashi, cikon kuɗin haya, kayan da aka karɓa ba a biya ba. Kotuna sun faɗa sau da yawa cewa 'yan sanda ba masu karɓo bashi ba ne. Dabarar da ake yi ita ce a rubuta ƙorafin da sunan zamba ko cin amana, waɗanda laifuka ne a dokar Penal Code. Idan naka ciniki ne tsagwaro, ka sa a kawo rasit da saƙonni da shaidun cinikin tun ranar farko. Mai bin bashi kuma ya sani, kotu tana iya cin sa diyya tare da 'yan sandan idan ta ga shi ya ingiza su.

Waɗannan iyakoki suna kan EFCC da NDLEA da DSS da Hisba. 'Yan sintiri kuwa, idan sun kama mutum, aikinsu su miƙa shi ga 'yan sanda ba tare da jinkiri ba. Ba su da sel a doka.

Mataki na 5: Rubuta bayani

A kantar caji ofis za a karɓi kayan aljihunka, ka tabbata an rubuta su. Ka dubi agogon bango ka riƙe lokacin da aka shigo da kai.

Sai IPO, wato mai binciken ƙarar, ya miƙo takarda da biro. Baki shi ke yanka wuya, kuma a nan yawancin shari'u suke lalacewa. Sashe na 35 ya ba ka damar yin shiru har sai ka gana da lauya ko wani mutum da ka zaɓa. A lura, ba lauya kaɗai aka ce ba, yayanka ko malaminka ma ya shiga. Ka faɗi sunanka da adireshinka, sannan ka ce, "Zan ba da bayani idan lauyana ko ɗan'uwana ya zo." Idan ba ka da halin ɗaukar lauya, ka nemi a kira jami'in hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, wadda aka kafa tun 1976 don irin wannan. Dokar 2020 ma ta ce kowane babban caji ofis ya kasance da ɗan sanda ɗaya aƙalla wanda lauya ne, mai sa ido a kan haƙƙin waɗanda aka tsare. Ka tambaya ko akwai shi.

Idan ba ka jin Turanci, ka ba da bayaninka da Hausa, tafinta ya rubuta, ya karanta maka, shi ma ya sa sunansa da hannunsa. Kada ka dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta maka ba. Kada ka sa hannu a farar takarda. Idan akwai fili tsakanin layin ƙarshe da sa hannunka, ka ja layi ka cike shi.

Amsa laifi yana da ƙa'idarsa: a ɗauke shi a bidiyo, ko a yi shi a gaban lauya. A 2023, a wata shari'ar fashi daga Legas, Kotun Ƙoli ta yi watsi da takardar amsa laifi saboda ba a bi wannan ba. Sashe na 29 na Dokar Shaida ya hana karɓar furucin da aka samo da duka ko tursasawa, dokar hana azabtarwa ta 2017 kuma ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata. Wanda aka daka ya nuna wa majistare raunin ranar da aka fara kai shi kotu, ya roƙi a rubuta, kuma ya je asibitin gwamnati da zarar ya fito. Bayan wata biyu tabo ba ya faɗin wanda ya yi shi.

Mataki na 6: Agogo da beli

Idan akwai kotun da ke da hurumi a cikin kilomita 40, kwana ɗaya aka ba su su kai ka. In babu, kwana biyu, ko abin da kotu ta ga ya dace. A cikin Kano ko Zariya ko Sakkwato babu caji ofis ɗin da zai ce kotu ta yi masa nisa. Shi ya sa mai son a wahalar da abokin rigimarsa yake shirya kamun ya faɗo Juma'a bayan la'asar. Amsar doka ita ce, idan ba za a iya kai mutum kotu cikin awa 24 ba, kuma laifin ba na hukuncin kisa ba ne, DPO ya ba da shi beli.

Aikin 'yan'uwa a nan yake. Mutum ɗaya mai natsuwa ya je, ba gayya ba. Ya tafi da katin shaida da hotuna, da takardar neman beli kwafi biyu, a buga wa ɗaya hatimi ko a sa hannu ya dawo da ita. Mace tana iya tsaya wa mutum, ACJA ta faɗa ƙarara, duk da har yau ana korar iyaye mata daga kanta a ce su turo namiji. Beli kyauta ne, kuɗin da aka rubuta a takardar alkawari ne da za a biya idan wanda aka tsaya wa ya gudu. Kowa ya san ana neman "kuɗin takarda". Ba zan ce wa uwar da ɗanta ke sel ta tsaya jayayya har Litinin ba, amma ta fara neman ganin DPO da kansa, kuma ta rubuta sunan wanda ya nemi kuɗin da adadin.

Idan awa 24 ta wuce ba beli ba kotu, ana iya kai kuka gaban majistare a madadinsa, kotu ta sa a kawo shi. Doka ta kuma ɗora wa babban majistare ziyarar caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata, yana duba rajista, yana ba da beli a wurin.

Laifukan hukuncin kisa, irin kisan kai da fashi da makami, ba sa cikin wannan ƙa'idar lokaci, belinsu kuma sai Babbar Kotu. A irinsu akan kai mutum gaban majistare a nemi umarnin ajiye shi a gidan gyaran hali. A ACJA kwana 14 ne a karon farko, kowane ƙari sai an dawo an nuna dalili. A rubuta ranar dawowa, wani ya je kotun ranar, a bi fayil ɗin zuwa ma'aikatar shari'a inda ake jiran shawarar daraktan gabatar da ƙara. Fiye da rabin mutanen da ke gidajen gyaran halin ƙasar nan jiran shari'a suke, da yawansu kuma daga wannan gaɓar aka manta da su.

Mataki na 7: Neman haƙƙi

Ranar da aka fito, a zauna a rubuta komai: lokaci, sunaye, abin da aka ce, abin da aka karɓa, su wa suka gani. Ƙorafi yana zuwa ga kwamishinan 'yan sanda, ko sashen karɓar ƙorafi na rundunar, ko Hukumar Kula da Ayyukan 'Yan Sanda wadda ke da ikon ladabtarwa da kora, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa. Duka kyauta ne.

Diyya kuwa sai kotu. Sashe na 35 ya ce wanda aka kama ko aka tsare ba bisa doka ba yana da haƙƙin diyya da neman afuwa a bainar jama'a, sashe na 46 kuma ya buɗe masa ƙofar Babbar Kotu. Ƙa'idojin da Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya fitar a 2009 sun sauƙaƙa hanyar: galibi da takardar rantsuwa ake yin shari'ar, ɗan'uwa yana iya shigar da ita alhali mutumin yana tsare, kuma daɗewa ba ta kashe ta. Sai dai samun hukunci daban, karɓo kuɗi daga asusun gwamnati daban, yakan ɗauki shekaru. Don haka ka ce wa lauyanka ya sa sunan jami'in da ya yi abin shi kansa a cikin waɗanda ake ƙara, da wanda ya kai ƙorafin ƙaryar, ba rundunar kaɗai ba.